Habsatu Ta San Hanyar Ruwa

Idan ana maganar wanda ya san halin ruwa a unguwar gangare ta Matameye, ba a wuce Habsatu. Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, ko baƙi ɗaya ba ta iya ja da alƙalami, amma shekara goma sha shida ta yi tana kokawa da ruwan sama a gida guda, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga Yauri aka kawo ta gidan Malam Bawa, matar autansa Sa'adu. Gidan shi ne na ƙarshe kafin babban kududdufin unguwar, ramin da kakanni suka yi ta ɗibar ƙasar gini a cikinsa har ya zama tafki.

Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Gajeriya ce, mai ƙarfin hannu, kuma a cikin mata bakinta ba ya mutuwa: in ta fara ba da labari a gidan suna, sai tuwo ya huce ba a sani ba. Sa'adu kuwa kamar sauran mazan unguwar yake. Da an kai amfanin gona gida sai ya rataya jaka ya tafi cin rani Kano, yana tura kurar ruwa layi-layi. Shi yana can yana sayar da ruwa, ita tana nan tana neman inda za ta kai nata kyauta. In ya dawo da damina ma, tun safe yana gona. Saboda haka ita ke buɗe rariya, ita ke jera buhunan yashi a gindin katanga, ita ke tsayawa cikin ruwa har gwiwa tana kallon ta ina ya shigo, ta ina zai fita. Da cin ranin shekara bakwai Sa'adu ya gina ɗaki biyu na tubali da rufin kwano: ɗaya nasu, ɗaya na tsohon, can baya wajen kududdufi. Iyakar abin da suka mallaka ke nan a duniya.

Wani rani sai ga mutanen poroje, masu aikin raya gari. Za su gina magudanar ruwa ta siminti, wadda ake ce wa kanibo, amma sun ce sai sun ji ta bakin jama'a tukuna. Magana mai kyau. Sai dai sun zo jin bakin jama'a a lokacin da mazan unguwar ke Kano da Legas, ba kowa sai tsofaffi da mata da yara. Suka dage lallai mata su fito, kuma don a nuna ba bambanci aka kafa rumfa ɗaya: tsofaffi a gaba kan kujeru, mata a baya kan tabarmi. Wanda ya tsara wannan zama, Allah ya shirye shi. Bai san ya zaunar da kowace mace a bayan surukinta ba.

Injiniya ya buɗe takarda mai faɗi, ya nuna da sanda. Ruwan layi uku za a haɗa, ya gangaro ta kanibo, ya zuba cikin kududdufi. Habsatu ta dubi inda sandar ta tsaya. Ta san shara ta cinye rabin ramin nan. Ta san a markar bara, da ruwan layi ɗaya kaɗai, saura taki biyu ya taɓa katangar ɗakin tsohon. Yanzu za a ƙaro masa biyu.

"Akwai mai magana?" in ji injiniya. "Musamman ku mata, ku muka zo ji."

Sau uku ya tambaya, kada a zalunce shi. A na ukun Habsatu ta yunƙura har ta tashi kan gwiwa. Sai idonta ya sauka a kan ƙeyar Malam Bawa da farar hularsa. Shekara goma sha shida ba ta ɗaga murya inda zai ji ba, ba ta ci abinci a gabansa ba, ba ta taɓa kama sunansa ba. Ko mai kayan miya da ke da irin sunan, "mai sunan Baba" take ce masa. Yau ne za ta miƙe a bainar jama'a ta yi gardama da baƙi, shi yana zaune bai ce komai ba? Ta koma ta zauna, ta ja mayafi. Can wani tsoho ya ce, "Madalla, Allah ya sa albarka," sauran suka amsa. Aka ɗauki hoto, aka dangwala yatsu a takarda, aka raba lemo.

Da yamma ta ari salula ta kira Sa'adu. Yana haki, ana jin ƙarar jarkoki, ya ce, "Ki bari in dawo, sai mu ga yadda za a yi." Bayan mako biyu aka fara haƙa.

Siminti na bushewa ne Malama Jamila ta iso. Malamar jami'a ce, 'yar Zinder, tana bincike kan yadda ake sa talakawa cikin shawarar abin da ya shafi muhallinsu da haɗarin da ke kansu. Ita ba ta kafa rumfa ba. Gida-gida ta bi, ta zauna kan turmi a gefen murhu, ta ajiye salularta tana naɗar magana. Nan fa bakin Habsatu ya buɗe. Ta zaro itace daga wuta ta zana unguwar kaf a ƙasa: ga inda ruwa ke juyawa, ga inda yake kwana, ga lungun da in kududdufi ya cika yake amayowa.

Malama Jamila ta daɗe tana kallon zanen. Sannan ta fito da wata takarda ta ce, "Yaya Habsatu, a nan an rubuta mata arba'in da biyu sun halarci taro, ba wadda ta nuna rashin yarda. Me ya hana ki faɗi wannan a can?"

"Malama, ai Baba na zaune."

Malamar ta ciji yatsa. Ba ta nemi ƙarin bayani ba, ita ma tana da suruki. Kafin ta gama zagaya unguwar, mata tara sun ba ta amsa iri ɗaya. Ta ɗauki hoton zanen ta kai wa mutanen poroje, suka karɓe ta da mutunci, suka ce lokacin jin ra'ayi ya wuce, ga yatsun jama'a a takarda. Ta dawo ta gaya wa Habsatu gaskiya, ba ta ɓoye ba: abin da za ta rubuta zai yi shekara ko fiye kafin masu iko su karanta shi, in ma sun karanta.

"Ruwa kuwa saura wata biyu," in ji Habsatu, ta ci gaba da matsar ƙulinta.

Sa'adu ya dawo da ruwan shuka, ya tsaya ya dubi bakin kanibo da ke kallon bayan gidansa. Suka ƙara buhunan yashi, shi da ita. Farkon damina kowa na yabon aikin, gaskiya layukan sama sun huta da taɓo. Habsatu ce kawai ke zuwa bakin kududdufi kowace safiya tana kafa kara, washegari ta tarar ruwa ya shanye shi.

Ranar da abin ya faru, tsakiyar marka ce, bayan azahar, maza duk suna gona. Hadari ya haɗo daga gabas, ya sauke kamar da bakin ƙwarya. Kafin a jima kududdufi ya cika ya juyo, daidai ta lungun da ta zana. Ta kora yaranta gidan maƙwabta na tudu, ta dawo ta tarar ruwa ya kai cinya a tsakar gida, katangar baya tana jiƙa tana zubar da ƙasa. Tsohon yana ciki. Ta tsaya a ƙofar ɗakin da ba ta taɓa shiga ba, ta yi sallama sau biyu, ruwa ya cinye muryarta. Sai ta faɗa ciki. Ta same shi tsaye kan gado yana riƙe da buhun littattafansa. Ta juya masa baya ta durƙusa, ta goya shi. Suna bakin ƙofa bango ya faɗo, tubali ya sami ƙafarsa. Ta ja shi haka nan har tudu. Kafin la'asar ɗakunan biyu sun kwanta, kwanon rufi yana yawo a kan ruwa.

Gida shida suka rushe a lungun. Aka zuba mutanen gidajen a wani ajin lakwal, tun da ana hutu, aka raba ajin da zana. Ƙafar Malam Bawa an ɗaure ta, amma mai ɗori ya ce kada a sa rai zai sake takawa. Sa'adu ya daina magana sai dole. Habsatu kuwa baƙin ciki ya ci ta, ba na ɗakin kaɗai ba: kullum tana ganin da ta buɗe baki ranar nan, da tsohon na tafiya masallaci da ƙafarsa.

Da labari ya kai wa Malama Jamila, ta hau mota ta zo jaje. Ta durƙusa gaban tsohon ta gaishe shi, sannan ta nemi izinin tambaya ɗaya. Habsatu na bayan zana tana tsince gyaɗa, tana jin komai.

"Baba, ranar taron nan, ku ba ku hango wannan ba?"

Tsohon ya dubi ƙafarsa ya ce:

"'Yata, ni na haƙa rabin ramin nan da hannuna ina saurayi. Yaron nan na ɗaga sandarsa na san ruwan zai dawo mana. Har na gyara murya. Sai na tuna matar yarona na zaune a bayana. Na ce in na yi gardama, ɗan boko ya ƙaryata ni a gabanta, da wane ido za ta sake kallona? Na yi ta jira ko cikin matan wata za ta fara, in mara mata baya. Ba wadda ta fara."

A bayan zana, farantin gyaɗa ya zame daga cinyar Habsatu ya watse a ƙasa. Ta cusa bakin mayafi cikin bakinta ta danne da hannu biyu, don kada Baba ya ji kukanta.