Ranar da aka kira min Afa saboda Japananci

Shekarun baya da ɗan dama, lokacin ina ɗinki a shagona na Nyohini, wata Bajapaniya ta zo koyar da sana'a a wata makaranta kusa da mu. Ta buɗe ajin harshensu kyauta duk Asabar. Ni kuwa da shisshigi na shiga, uwar 'ya'ya uku a tsakiyar samari da 'yan mata.

A mako na biyar ta koya mana yadda ake faɗin aikin da mutum yake cikin yi. Ta ce kada mu tsaya ga littafi, duk abin da hannu yake yi, baki ya faɗe shi da ƙarfi. Ni kuma ba na yin abu rabi da rabi. Ina taka keke ina cewa "nutte imasu", ina ɗinki ke nan. Ina wanki, "aratte imasu". Ko a hanyar kasuwa, ina tafe ina "aruite imasu" ni kaɗai.

Ban san unguwa ta ɗauka ba sai da mata biyu suka zo suka karɓe yadinsu, Sallah saura kwana goma. Ashe labari ya bazu wai aljani ya shige ni, yana magana da bakina.

Wata la'asar na koma gida, na tarar mahaifiyata ta shimfiɗa tabarma, Afa, malamin unguwarmu, yana zaune da tasbaha da ƙwaryar rubutu.

"Zauna," in ji ta. "Yau za a cire shi."

"Mma, a cire wa?"

"Wanda ke maganan nan ba kai ba gindi. Kuma sukul ɗin nan, kin gama da shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zauna don girman Afa, na bar shi ya yi karatunsa. Da ya tambayi aljanin sunansa, sai na ɗauko littafina na ajiye a gabansa.

"Afa, ba kowa a nan sai ni. Karatu nake yi."

Ya sa na karanta masa shafi biyu, sannan ya dubi mahaifiyata. "Hajiya, yarinyan nan lafiyanta lau. Mu ma haka muka yi da Larabci, muna tafiya muna faɗi."

Mahaifiyata ta ce to in riƙa yi a ɗaki, saboda bakin mutane. Na ce wallahi a'a, ban saci komai ba. Washegari na jawo keken ɗinki zuwa bakin ƙofar shago, na ƙara murya. Ajin ma ban fasa ko Asabar ɗaya ba. Ɗaya daga cikin matan ta dawo da yadinta, ɗayar har yau tsallaka titi take yi in ta hango ni, Allah ya kiyaye ta da babura.

Japanancina bai yi nisa ba, in aka yi min da sauri murmushi kawai nake yi. Ban yi nadama ba ko kaɗan. Abin da har yau yake min ciwo shi ne, ya fi wa mahaifiyata sauƙi ta yarda aljani ya iya wani harshe da ta yarda 'yarta ta iya.