Inci Biyun da Kaz Ya Ɓoye a Tafin Hannu

Mijina Kaz Dudek ya yi shekara talatin da huɗu yana tuƙa motar 'yan makaranta a ƙaramin garinmu na jihar Ohio. Bai taɓa makara ba, bai taɓa manta ɗan kowa a titi ba. Mutum ne mai hankalinsa wata goma sha ɗaya a shekara. Da Afrilu ya kama kuwa, sai in nemi mijina in rasa.

A ƙarshen watan ne manyan ƙungiyoyin ƙwallonmu na Amurka, wanda ƙatti ke runguma suna karo da juna, suke zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. Kwana uku ake yi, zagaye bakwai, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya a talabijin. Babu wanda ya taɓa bugo wa Kaz waya ya nemi shawararsa. Amma tun Fabrairu yake fitar da motata daga gareji ya bar ta cikin ƙanƙara, ya kafa wani ƙaton allon ƙarfe, ya jera sunaye ɗari uku a kan 'yan faifan maganaɗisu. Kowane suna da tsawon mai shi, da nauyinsa, da saurin gudunsa, da tsawon hannunsa daga kafaɗa zuwa yatsa.

Wannan tsawon hannun shi ne ciwonsa. Tef ɗin awo ba ya barin aljihunsa. Ya taɓa auna hannun fada, limaminmu, a ƙofar coci, mutane na jira a layi su gaisa. Ran da saurayin 'yarmu Noreen ya fara zuwa cin abinci, kafin ya zauna Kaz ya kama tafinsa ya ware yatsun, ya girgiza kai.

"Wannan ba zai riƙe ƙwallo cikin ruwan sama ba."

"Baba, aurena ya zo nema," in ji Noreen. "A kantin magani yake aiki!"

Abin haushin shi ne, duk wannan awon bai taɓa sa ya faɗi daidai ba. Wanda ya rantse zai zama gwarzon zamani, yanzu tayoyi yake sayarwa a garin da ke gaba da mu. Wanda ya ce ko ruwa kada a ba shi ya ɗauka, an yi masa gunki a ƙofar filin wasa. Abokinsa Merle, tsohon ma'aikacin kamfanin ƙarfe, yana riƙe da duk waɗannan a ka, kuma kowace shekara sai ya zo garejin ya amayar masa da su.

"Kai, Kaz, mai jifan ƙwallo ƙungiyarmu take buƙata. Wanda muke da shi ko bangon gidanku ba zai samu da dutse ba."

"Ji sakarai! Ka kawo mai jifa, wa zai tare masa? Kafin ya ɗaga hannu an kwantar da shi. Daga masu tarewa ake gina ƙungiya."

"Haka ka ce bara, suka ɗauko maka wancan buhun dankalin."

"Hannunsa inci talatin da biyar ne!"

"To da hannun yake gudu?"

Haka zan yi ta kai musu kofi da sosej, suna ihu kamar ana raba gado. Na saba, ina ta haƙuri. Bana ne abin ya daina ba ni dariya.

Jikanmu Colby, ɗan Noreen, ya gama jami'a bana, kuma yana cikin masu tarewa a ƙungiyar makarantarsu. Kaz ne ya koya masa tsayuwa tun yana ɗan shekara bakwai, a bayan gidanmu, da tsohuwar katifa a ɗaure jikin bishiya. Ƙaramar jami'a ce, amma wasu ƙungiyoyi biyu sun turo mutane sun kalle shi. A watan Maris Noreen ta shigo garejin, ta bi allon nan da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake bi.

"Baba, ina sunan Colby?"

"Ba ya ciki."

"Ka manta ne?"

"Na auna shi ranar Kirsimeti. Talatin da ɗaya. Mai tarewar da bai kai talatin da uku ba, ba ya hawa allona. Kowa ya sani."

"Jikanka ne fa!"

"In na sa shi don jikana ne, ai ya tashi daga allo ya koma kalandar hotunan iyali."

Noreen ba ta yi ihu ba, kuma shi ya fi tsorata ni. Ta ce ranar Asabar ta ƙarshen zaɓen a gidanta za a taru a jira ko wata ƙungiya za ta bugo wa Colby waya. In sunan ɗanta bai hau allon ba, kada ubanta ya zo. Cin abincin Lahadi kuma da muke yi tare shekara ashirin da biyar, ya ƙare ke nan. Ta ja ƙofa a hankali ta fita.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kwana uku ba na ce masa uffan. Na ce, "Kaz, mutum ɗari uku da ba su san kana duniya ba sun samu wuri, naka ya rasa? Sa shi ko na ɗari uku da ɗaya ne!" Sai ya ce wai yaron zai gane ƙarya ce. Lahadi biyar muka ci abinci mu biyu, ina kallon kujeru uku babu kowa. Wallahi har na yi tunanin ɗaure allon nan a bayan motar kwashe shara.

Ranar Asabar na ɗauki tukunyar kabejina na tafi gidan Noreen ni kaɗai. Falo ya cika da maƙwabta da tsohon kocin Colby. Shi kuwa yana zaune a tsakiyar doguwar kujera, ƙato guda, wayarsa a kan gwiwa, yana taɓa ta minti-minti ya tabbatar tana da caji. Tun tsakar rana ake kiran sunaye. A zagaye na biyar ana ta raha. A na shida surutu ya ragu. A na bakwai maƙwabta suka fara tuna suna da abin yi a gida. Rana na shirin faɗuwa aka kira sunan ƙarshe, wani yaro daga can kudu, kuma wayar Colby ba ta yi ko motsi ba.

Na taka zuwa gida raina a ɓace, na shirya duk abin da zan faɗa wa tsohon nan. Na same shi a gareji zaune a kan akwatin kayan aiki, Merle na gefensa. Ƙungiyarmu ta ɓata zaɓinta na huɗu a kan mai bugun ƙafa, abin da a da sai an ji ihun Kaz daga gidan mai, amma ko faifan sunan bai cire daga allo ba. Merle ya yi gyaran murya.

"To, mutumina, bana kam ka ci. Yadda ka faɗa haka..."

"Rufe min baki, Merle."

Shekara talatin ina roƙon Allah ya sa mutumin nan ya faɗi daidai ko sau ɗaya, ya huta in huta. Ban taɓa zaton a kan jikana za a amsa ba.

Kaz ya miƙe ya ɗauki hularsa, na bi shi har gidan Noreen. Noreen ta tare ƙofa.

"Ka zo ka ce ai ka faɗa?"

"Bar shi ya shigo, Mama," in ji Colby daga ciki.

Kaz ya wuce har gaban kujera ya zaro tef ɗinsa. Na ce a raina, yau sai na kashe shi.

"Tashi. Miƙo hannun."

"Kaka, don Allah..."

"Na ce miƙo. Ranar Kirsimeti ban sa tabarau ba."

Yaron ya miƙa. Ina tsaye daf da su, na ga lokacin da Kaz ya naɗe farkon tef ɗin, inci biyu cif, ya dunƙule a tafinsa kafin ya ɗora a kafaɗa. Ya ja har ƙarshen yatsa, ya karanta da ƙarfi.

"Talatin da uku. Tun farko ni na yi kuskure. Masu zaɓen nan ma duk makafi ne."

"Kaka, ina ganin abin da ke cikin hannunka fa."

"Kai ka yi shekara talatin kana awo, ko ni?"

Colby ya fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ya kifa kai a kafaɗar kakansa har tsohon ya yi taga-taga. Kaz ya laluba aljihun rigarsa ya fito da faifan maganaɗisu guda. Sunan Colby ne a jiki, tawadar ta koɗe, gefen duk ya cinye don shafa. Daga baya ya gaya min tun yaron na sakandare ya rubuta shi. Ya shiga kicin ya manna shi a jikin firjin Noreen, can sama, inda babu komai a kansa.

Noreen ta daɗe tana kallon firjin. Sannan ta miƙa wa ubanta hannu, ya gane, ya ajiye mata tef ɗin. Ta jefa shi cikin durowar cokula ta tura da ƙugu.

"Gobe Lahadi, ƙarfe ɗaya muna gidanku," ta ce. "Mama, ki tafi da kabejin nan ki ɗumama mana goben, babu wanda ya taɓa shi."