Kawun da Shahata Ya Ɗauko a Filin Jirgi

Nawa kika ce mai motar nan ya karɓa a hannunki daga filin jirgi zuwa nan? Kuma ko jakar bai sauke miki ba? To zauna, Nagat, cire takalmin nan ki sha shayi. Da Shahata yana kan aiki, rabin wannan za ki biya, kuma sai ya hau miki da jakar har saman bene yana haki yana yi miki addu'a.

Ba ki san shi ba, kina goye ya bar unguwar nan. Ɗakin ƙasa da mai gyaran waya yake ciki yanzu, nan ya zauna da matarsa I'itimad da 'ya'yansu mata. Mutumin kudu ne, daga wani ƙauye can wajen Sohag, dogo, baƙi, ga gashin baki, ba ya rabuwa da rawani ko ana zafi kamar me. Yana saurayi ya zo Alƙahira. Ya yi yaron mota, ya ja motar bulo, ya yi wa wani likita direba. Daga baya I'itimad ta sayar da awarwaronta na gwal, ta ɗauki adashi, ni ce ma uwar adashin, aka harhaɗa aka sayo masa Fijo fara, ta hannu.

To lambar tasi a lokacin ta fi motar kanta tsada, don haka lambar gida ya sa mata. Amma inshora kam I'itimad ta kafe sai ya yi babba, irin wadda ko motar ta ragargaje za su gyara. Ta ce gwal ɗinta ne yake yawo a titi, ba za ta bar shi tsirara ba. Ranar da ya je biya, akawun kamfanin ya karanta masa sharaɗi, don Shahata ma kamar ni ne, bai yi makaranta ba. Ya ce masa motar gida ce, ka ɗauki matarka, ka ɗauki danginka, ka ɗauki abokinka, duk babu laifi. Amma ranar da ka ɗauki mutum don kuɗi, in wani abu ya faru, ko sisi ba za ka gani ba. Shahata ya ce ya ji, ya dangwala yatsa, ya fito ya wuce filin jirgi neman fasinja.

A can kuwa masu ɗaukar mutane iri-iri ne. Akwai motocin kamfani, direbobi da ɗamara da sheƙi, kuɗinsu in ka ji sai ka ce gara ka koma cikin jirgin. Akwai tasi masu baƙi da fari, waɗanda kullum da safen nan mitarsu ta lalace. Sai su Shahata, da ba su da layi ba su da izini. Su cikin masu taren 'yan'uwa suke tsayawa, a bayan ƙarfen nan da ke tare mutane, suna leƙe kamar kowa.

In ya hango mutum ya fito yana waige-waige, sai ya buɗe hannuwa ya yi masa barka da sauka, ya rungume shi, sumba a kumatun dama, sumba a na hagu. A cikin rungumar ake ciniki. A dama ya raɗa masa kuɗi, a hagu mutumin ya taya. In ba a daidaita ba sai a ƙara wata rungumar. 'Yan sanda suna kallo suna cewa gidan nan akwai zumunci.

In an shirya, fasinja gaba yake zama, don wanda ya kame a baya kowa ya san kuɗi ya biya. Kafin su kai ƙofar fita, inda 'yan sanda ke tsayawa, kowa ya haddace sunan ɗan'uwansa. Tsoho kawunsa ne, yaro ɗan ƙanwarsa ne, sa'ansa kuma ɗan innarsa. Kullum ta wajen uwa yake ƙulla dangantakar, don sunan uba yana jikin katin shaida, in aka duba sai a ga bai zo ɗaya ba. Na uwa kuwa wa zai tsaya bincike?

Kuma yana riƙe su kamar dangin gaske. Ruwan sanyi a gora, kujera da mayafi wankakke, taba ba ya sha sai ya sauke mutum. Wanda ya dawo Umra ya sa masa karatu, wanda ya dawo daga aikin ƙasar waje ya sa masa waƙar gida har mutum ya yi ƙwalla. Abin da aka yanke a cikin runguma shi ne kuɗin, ko cunkoso ya riƙe su rabin yini ba ya ƙara kome. Da wannan motar ake cin abinci a gidan, da ita yaran suke zuwa makaranta.

Wata rana da hantsi ya ga wani tsoho, gajere, fari, da akwati ɗaure da igiya da fanka a kwali. Ya daɗe a tsaye yana duban fuskokin mutane, har 'yan jirginsu suka watse. Shahata ya je ya rungume shi. Tsohon bai ko taya ba, ya ce unguwar Shubra za a kai shi. A mota ya ce sunansa Bayyumi, mai gasa burodi ne, daga Iraƙi yake, rabonsa da gida tun yana da baƙin gashi. Ya aika wa ɗan'uwansa cewa yana tafe, ga shi bai ga kowa ba.

Ba su kai ko rabin hanya ba wata motar kankana ta fito daga lungu ta kwashe musu gaba. Shahata goshinsa ne kawai ya fashe. Tsohon ƙafarsa ta karye a cinya. Motar kuwa hancinta ya koma ciki. Mai kankana ya bar kayansa a warwatse a titi ya gudu. Da ɗan sanda ya zo yana rubutu ya tambayi wane ne wannan, Shahata yana share jini ya ce kawunsa ne.

Ya dawo gida da yamma kansa a naɗe, ya zauna a kan matakalar nan ya kasa shiga ɗaki. Kin ga, kamfanonin nan ba yara ba ne. Haɗari a hanyar filin jirgi, ga akwati da takardar jirgi maƙale a hannunsa, dole su turo mai bincike. Kalma ɗaya daga bakin tsohon, ya ce kuɗi aka yanke, shi ke nan babu gyara, babu mota, babu gwal ɗin I'itimad, ƙila ma a haɗa masa da tara.

Da gari ya waye ya tafi asibiti da lemo a leda, yana shirya yadda zai roƙe shi. Bai kai ga buɗe baki ba tsohon ya dube shi ya dubi lemon.

"Ɗan ƙanwata, wane irin ɗa ne yake barin kawunsa da romon asibiti? Shekara nawa ban ci miyar lalo da zomo ba."

A ranar I'itimad ta yanka zomo. Tana sheƙa lalo tana zagin mai kankana da uwar da ta haife shi.

Mai binciken ya zo, wani siriri mai tabarau da jakar fata. Ya dubi Shahata, dogo baƙi, ya dubi tsohon, gajere fari kamar tuwon madara, ya ce ikon Allah, kamannin ba su fito ba. Bayyumi ya yi ajiyar zuciya ya ce ai ƙanwarsa auren nesa ta yi, can kudu, su ba su so ba, yaron duk ubansa ya kwaso. Daga nan ya shiga ba da labarinta, yadda take tsoron agwagwa, yadda take satar masa ɓawon burodi mai zafi. Mutumin ya rubuta ya rubuta, ya ce zai sake zuwa bayan an sallame shi, a gida.

A gida. To wane gidan? Shahata ya je Shubra da adireshin da tsohon ya ba shi, ya tarar ɗan'uwan ya rasu tuni, an sayar da gidan, 'ya'yan kowa ya kama gabansa, babu wanda ya san inda suke. Kuma kawu mai karyayyar ƙafa a ina zai kwanta in ba gidan ɗan ƙanwarsa ba? Haka aka shigo da shi a kan kujera, maza na ɗauke da shi, fankarsa na biye. Aka kwashe yaran aka mai da su ɗakin uwarsu, aka ba shi gadonsu.

Unguwa kuwa kowa ya san zancen, kowa ya kama bakinsa. Mai shago ya ce Kawu, mai wanki Kawu, yara Kawu. Mai tabarau ya yi ta zuwa ba sanarwa, ya sha shayi, ya tsaya hira da maƙwabta. Ni ma ya tare ni ina shanya ya tambaye ni. Na ce masa ni dai tun da na san tsohon nan ban taɓa jin an kira shi da wani suna ba sai Kawu.

Watannin nan Shahata ya ji jiki. Babu mota, sai ya koma jan ta wani da rana ana ba shi na cefane. Ya dawo ya ɗaga tsohon ya kai shi banɗaki, ya yi masa aski, ya saurari ƙorafi. Shayi ya yi sanyi, burodin unguwar nan ba burodi ba ne, wanda ya gasa shi a kai shi kotu. In Shahata ya ɗaure fuska sai tsohon ya tambaya, cikin sanyin murya, yaushe ne ma mai tabarau zai dawo. Abokansa na filin jirgi kuma in sun gan shi sai su buɗe hannuwa, su ce zo mu rungume ka ko mu ma a yanka mana zomo.

Amma akwai abin da na lura. Shahata uwarsa ta rasu yana rarrafe, ko fuskarta bai sani ba. Tsohon kuwa bai daina labarin ƙanwar nan tasa ba ko mai tabarau ba ya nan. Sai in ga Shahata ya ajiye cokali yana sauraro, har ya tambaya, to daga nan sai ta yi yaya? I'itimad ta ce masa kai, ka san fa ƙarya yake shirga maka. Ya ce ya sani.

Ana nan kamfani ya biya. Aka gyara Fijo ta fito fes. A lokacin tsohon ya fara takawa da sanda. I'itimad ta ce to alhamdu lillahi, mota ta dawo, yara su koma gadonsu. Shahata ya ce zai yi masa magana. Yau zai yi, gobe zai yi.

Tsohon ne ya riga shi. Ranar wata Juma'a bayan an ci abinci, ina wurin don na kai musu tukunyarsu, ya zaro kuɗi daga aljihu ya ɗora a kan tire. Kuɗin motar nan ne da aka yanke a filin jirgi, bai taɓa biya ba.

"Ga haƙƙinka, direba. Ka karɓa, na zama fasinja, gobe ka sauke ni inda Allah ya nufa."

Ke ma kin san yadda ake yi. Mutumin kirki ba ya cafke kuɗi daga miƙawar farko. Sai ka ce a bar shi, a ce sai ka karɓa, ka ce wallahi a bar shi, a tura maka a aljihu, sannan ka yi shiru. Haka Shahata yake yi da kowane fasinja tun da ya fara tuƙi. Ya dafa ƙirji ya ce haba, a bar shi, Kawu.

Tsohon ya ce to, Allah ya yi maka albarka. Ya kwashe kuɗinsa ya mayar aljihu, ya ce wa ƙaramar yarinyar ta miƙo masa matashi.

I'itimad ta dubi mijinta, mijinta ya dubi tire. Wa zai buɗe baki ya ce a sake miƙowa? Ni dai na ajiye tukunya na hau sama, sai da na rufe ƙofa na yi dariyata.

Ya zauna da su har yaran suka girma. Ba shi da dukiya, kada ki ɗauka wani abu ya ɓoye a akwatin nan, bargo ne da rediyo. Sai dai ya karɓe gashin burodin gidan, kuma shi ya zauna a gaba ranar da aka zo neman auren babbar, ya yi ta ja da dangin ango kamar shi ya haife ta. Masu lissafi a unguwa sun ce abin da ya ci a gidan ya sayi Fijo biyu. Shahata ya ci gaba da zuwa filin jirgi, amma aka ce ya rage rungumar tsofaffi.

Da Bayyumi ya rasu, Shahata bai bari an kai shi maƙabartar baƙi ba. Ya sa shi a Fijo ya kai shi ƙauyensu, ya binne shi kusa da uwarsa. Mutanen ƙauye suka tambaya wane ne, ya ce wanta ne.

Bayan nan idonsa ya fara hazo, aka kuma tsaurara tsaro a filin jirgi, ba a barin kowa ya tsaya a bayan ƙarfe sai da dalili. Ya sayar da motar ya ce zai koma gida noma. Ranar tafiyarsu ya hawo yi mini sallama, ya tsaya a bakin ƙofar nan. Na ce Shahata, tsakaninka da Allah, ranar nan, da a ce tsohon ya sake turo maka kuɗin, da ka karɓa?

Ya gyara rawaninsa.

"Da na karɓa mana, Uwar Ragab. Allah ne ya taimake ni tsohon ya fi ni saurin hannu."