Furar da Goggo Ta Dama Mana

Muna idar da sallar asuba muka bar Azare, ni da direba da abokiyar aikina, da kwali guda cike da takardun tambayoyi. Aikinmu shi ne mu bi masu ciwon gajiyar nan da hutu ba ya maganinta, mu tambaye su abin da jikinsu ke iya yi. Kowace amsa da makinta. Wanda makinsa ya yi ƙasa zai shiga cikin waɗanda likita zai riƙa dubawa, wanda nasa ya yi sama kuwa an sallame shi ke nan.

Tun a mota na kasa zama wuri ɗaya. An kwana ana ruwa, hanya ta lalace, direbanmu kuma irin mutanen nan ne da sai sun gaisa da kowane rami kafin su wuce shi. Gero ya fid da kai hagu da dama, gwanin sha'awa, amma ni agogo nake kallo, don gida tara ke jiranmu. A Katagum a tsaye na ci ƙosai na kora da kunun tsamiya, abokiyar aikina tana yi mini tsiya wai kamar na bar tuwo a kan wuta.

Gida na huɗu ruga ce a bayan gari. Nan muka sami wata mata da kowa ke kira Goggo. A da ita ke kai nono kasuwa, amma ta daɗe rabonta da ɗaukar ƙwarya. Tana ganin baƙi ta miƙe. Na ce ta zauna, ta yi kamar ba da ita nake ba. Ta share mana wuri, ta shimfiɗa tabarma, ta ɗebo ruwa, ta dama fura da kindirmo mai sanyi. Na sha har na ƙara.

Na buɗe takarda. "Goggo, kina iya hawa bene?"

Ta yi murmushi. "Ina benen yake, 'yata?"

"Tafiya mai ɗan nisa fa?"

"Alhamdu lillahi."

"Shara da ɗaukar ruwa?"

"Ai ga shi kin gani."

Gurbi uku ne a gaban kowace tambaya: ciwon yana hana ni sosai, yana hana ni kaɗan, ba ya hana ni. Babu gurbin Alhamdu lillahi, don haka na bi abin da idona ya gani. Makinta ya fi na kowa a ranar. Mijinta ya biyo mu har mota yana son magana, na ce, "Malam, sai wani jiƙon," muka wuce.

Kwana biyu muka yi a ƙauyukan Gololo muna fama da laka. Ina tattara takardu na ga garin sauri na manta Goggo ba ta dangwala yatsa a tata ba. Haushin kaina ya kama ni, na sa direba ya sake bi ta rugar yana gunaguni.

Babu wanda ya tare mu a tsakar gida. Goggo na kwance cikin bukka, ko kai ba ta iya ɗagawa, haske ma damunta yake. Mijin ya ce tun tafiyarmu ba ta tashi ba, kuma haka take, aikin awa guda kwanciyar kwana uku.

"To me ya hana ta faɗa?"

"Malama, baƙo ya sauka gidanka ka ce masa ba ka iya tashi? Kuma kin tambaye ta ko tana iyawa. Tana iyawa. Ba ki tambayi abin da ke biyo baya ba."

Kunya ta rufe ni. Furar da na ƙara ita ta kwantar da matar nan. Ƙa'idar aikin ba ta yarda in sauya amsar da aka riga aka cike a gurbi ba, sai na juya takardar na cika bayanta da abin da na tarar. Mijin ne ya ɗaga mata hannu ya dangwala yatsanta, a ƙarƙashin amsoshin da ke cewa babu abin da ke hana ta aiki.

Da la'asar muka shigo Azare, kai tsaye na wuce wajen likita. Ya karanta, ya ce zai je ya duba ta da kansa, amma na'urar da ke haɗa sakamakon bincike gurbi kawai take karantawa, ba ta duba bayan takarda.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, gaggawa aikin shaiɗan ce, kuma takarda ba ta san kunya ba, ba ta san karɓar baƙo ba. Yanzu duk wadda ta ce mini tana iyawa, sai in ajiye biro in ce, "In kin yi, washegari yaya kike tashi?" Goggo dai har yau a lissafin binciken tana cikin masu lafiya, kuma da hannuna na sa ta a ciki.