Injin da Ke Mutuwa a Tsakiyar Kogi

Ni ɗan gidan fito ne. Kakana da ubana duk da gorar tuƙa jirgi suka ci abinci a mashigin kogin Katagum. Da mahaifina ya rasu, wansa, Baffa, ya miƙo mini gorar marigayin, ni kuwa na jingine ta na bi wata mota zuwa Azare, na yi karen mota har na zama makanike. Tun ranar bai ƙara kiran sunana ba. In na durƙusa gaishe shi a wurin ta'aziyya, sai ya toshe hanci ya tambayi na kusa da shi, "Wa ya shigo mana da warin fetur?" Na tsane shi, ba zan ɓoye ba, kuma shi ma bai rage mini komai ba.

A ƙarshen zamanin Turawa ina aiki a garejin wani Alhaji mai motocin kaya. Da damina kogi yakan cika, mota ba ta haye, sai a sauke kaya a loda a jirgi. Alhaji ya gaji da jira, ya sayo ɗan injin jirgin ruwa daga Kano, irin wanda ake maƙalawa a bayan jirgi, da tankin mai a kansa. Jirgin Baffa ya fi na kowa girma, shi aka zaɓa. Ni na ɗaura injin da hannuna, Baffa yana tsaye yana kallona kamar ina yi masa kaciya a jirgi.

Mako guda abu na tafiya lafiya, sai saƙo ya zo Azare cewa inji yana mutuwa a tsakiyar ruwa, har buhunan gishiri sun jiƙe. Alhaji ya kira ni ya ce, "Kai ka ce ka iya. Ranar kasuwa zan zo da kaina. In na same shi bai gyaru ba, ka ajiye mini sifanata ka nemi wani ubangidan." Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, kuma ban da wannan gareji babu inda zan dosa sai gidan da na bari.

Kwana uku na yi a bakin kogin nan. Na kwance fulogi na goge na mayar. Na wanke kafireto har sau huɗu. Na tace fetur da ƙyalle, na sake haɗa shi da baƙin mai, na tsince ciyawar da ta naɗe farfela. A gaɓa, ja ɗaya zan yi wa igiya ya tashi yana ruri. Da mun kai tsakiya, inda ruwa ya fi ƙarfi, sai ya fara tari, ya shaƙe, ya yi shiru. In buɗe tanki in leƙa, mai cike. In rufe, in ja igiya, wani lokaci ya tashi ya ɗan yi tafiya ya sake mutuwa. Duk sanda haka ta faru, Baffa zai miƙe a hankali, ya ɗauki gorarsa ya fitar da mu, yana cewa kamar da ruwan yake magana, "Ruwa ba sa'an kwando ba ne."

A rana ta uku haƙurina ya ƙare. A gaban masu fito na ce wa Baffa asiri ya yi wa injin don ya ga bayana. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ɗan nan, in zan ɓata layata, ba a kanka ba."

Ranar kasuwa Alhaji ya iso, aka shimfiɗa masa tabarma a gaɓa, mutane cike. Muka shiga jirgi ni da Baffa kaɗai don gwaji. A tsakiya inji ya mutu yadda ya saba. Iska ba ta kaɗawa ran nan, kogi ya yi tsit, ni kuma na sunkuya sosai don kada in haɗa ido da kowa. Ina murɗa murfin tanki sai na ji ya ja iska, fuu. Na juya murfin a tafin hannuna. Akwai wata 'yar huda a tsakiyarsa, kamar ta allura, wadda iska ke shiga ta cikinta don mai ya samu sauka. An cike ta da kakin zuma, an shafe tas, aikin gwani. Tanki ba ya numfashi, shi ya sa mai ke tsayawa bayan 'yar tafiya.

Na nuna wa Baffa. Bai ko musa ba.

"Ni na liƙe. Shekara hamsin ina kan ruwan nan, ban taɓa barin huda a jirgina ta kwana ba. Ruwan sama yana zuba a kai, kayan mutane ne, amana ne."

"Baffa, ta nan yake shaƙar iska. Kwana huɗu kana kallona ina haukacewa."

Ya dubi murfin da ke hannuna. Gaskiya bai sani ba, na gani a fuskarsa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Cire shi. Ka san dokar gidanmu, ba a kai maganar ruwa tudu."

Na san dokar. Mai fito ko ya ga ɗan'uwansa ya yi kuskuren da ya kusa halaka mutane, a ruwa za su yi faɗansu su gama, na tudu ba ya ji. Na sa tsinke na fitar da kakin, na ja igiya, muka haye muka dawo, muka sake hayewa, inji ko tari bai yi ba.

Muna fitowa Alhaji ya ce, "Mene ne ciwon? In datti ne ya ci maka kwana huɗu, gara in ɗauko makanike daga Kano."

Da na ce wani ƙarfe ne ya goce, wa zai ƙaryata ni? Babu wanda ya san cikin injin nan sai ni. Amma warin fetur ɗin nan na shekara goma ya taso mini. Na ɗaga ɗan kakin sama yadda kowa zai gani, na ce, "Ranka ya daɗe, tsohon nan ne ya toshe wa inji hanci. Yana tsammanin kowace huda ta jirgi ce." Kasuwa ta kwashe da dariya, har da yaran gidansa. Na ji daɗi a lokacin, daɗi sosai. Alhaji ya sa aka kwance injin aka mayar jirgin wani.

Baffa bai zage ni ba. Ya juya ga masu fito ya ce, "Kun ji. Wannan ɗan tudu ne."

Aikina ya tsira, na yi shekaru a garejin. Damina ta huɗu bayan haka aka aiko cewa Baffa ya rasu. Injin ya daɗe da lalacewa, an koma gora. Na iso mashigi da hantsi, gidanmu kuwa a ƙetare yake, kogi ya cika maƙil, jirage uku a gaɓa, masu su duk 'yan'uwana ne. Na yi sallama suka amsa. Na sa ƙafa a jirgin farko, mai shi ya tura ya bar ni tsaye. Na biyu da na uku ma haka, babu wanda ya ɗaga murya. Daga wannan gaɓar na hango an fito da makara a ƙetare, na tsaya da takalmana a hannu har suka shige bayan itatuwa.