Launin Fuskar Gwaggo Talato

Salfo Nikiyema fim ɗaya tak ya yi a rayuwarsa, shi ma sai da ya ci masa shekara tara. Ni na riƙe masa na'urar ɗaukar murya, don haka ba ji na yi a bakin wani ba. Shi ɗan ƙabilar Mosi ne, ni ɗan Samo, mu da su kuwa wasa ne tun kaka da kakanni. Ban taɓa kiransa da komai ba sai bawana, shi kuma ya ce da ni maci-kare.

Maraya ne. Gwaggonsa Talato, mai ginin tukwane a wani ƙauye kudu da Wagadugu, ita ta goya shi. Da ya girma ya shigo birni, ya samu aikin ɗaukar fitilu da wayoyi wa Turawan da ke zuwa yin fim. A nan ya lura da wani abu. Kafin a fara ɗauka, mai kyamara a bayan hannunsa yake auna haske, farin hannu. In fim ya fito, sai ka ga mutanenmu sun zama duhu, ido da haƙora kawai. Ya yi tambaya, aka ce masa haka fim yake, ba ya kama baƙar fata. Ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Shekaru ya yi yana gwaji shi kaɗai, har ya gano cewa in ka tari rana da farantin tagulla ka mayar wa mutum a kunci, ka ɗan shafa masa man kaɗanya, fatar sai ta nuna duk abin da ke cikinta. Da ya samu aron kyamara, bai nemi 'yan wasa ba. Ƙauye ya nufa.

"Ni da tsufana za ka liƙa a bango?" in ji Gwaggo Talato.

"Gwaggo, so nake a gan ki."

"Wa bai gan ni ba? Duk ranar kasuwa ina can. Matsa min, ka tsaya a kan yumɓuna."

Ta dai yarda. Wata uku muka yi muna ɗaukarta tana gini, tana gasawa, tana faɗa da masu taya tukunya da rainin wayo.

A lokacin ba a wanke fim a ƙasarmu. A gwangwani ake rufe shi a aika Turai, ka zauna jiran abin da Allah zai yi. A can suna da wani kati mai hoton fuskar Baturiya, da shi suke daidaita launi. Salfo ya san da haka. Shi ya sa a farkon kowane naɗin fim ya ɗauki fuskar Gwaggo a tsaye cik, tana riƙe da allo da ya rubuta: Wannan shi ne launinta, kada a gyara. Su kuwa da suka gani, sai suka ɗauka gwaji ne irin na 'yan koyo, suka yanke suka zubar.

Bayan wata takwas fim ya dawo. Muka taru da rana a wani ɗakin ajiya, muka toshe tagogi da barguna, muka rataya farin ƙyalle. Ashe masu wanke fim ɗin sun ƙara haske, a ganinsu taimakonmu suka yi. Fuskar Gwaggo ta fito fari-fari kamar an watsa mata toka. Ita Gwaggo da ke zaune cikinmu ta ƙura ido, ta daɗe tana kallo.

"Kai, wannan baiwar Allah ba ta da lafiya," in ji ta. "Wa ke jinyarta?"

Ɗaki ya ɗauki dariya, har da ni. Na ma ƙara da cewa, "Bawana, ka mayar da gwaggonka Baturiya ba ka gaya mana ba." Har yau in na tuna sai na ji kunya, don da na waiwaya na ga hawaye a idonsa.

Kowa ya ce ya fitar da fim hakanan, wa zai kula. Ya ƙi.

"Taurin kan Mosi ne zai kashe ka," na ce masa.

"Maci-kare, ba ta da hoto ko ɗaya a duniya. In na saki wannan, jikokinta haka za su san ta."

Ya yi ta rubuta wasiƙu, ana ba shi amsa cikin ladabi cewa aikin ya yi daidai da ƙa'ida. Ya nemi hanyar zuwa da kansa, abin ya yi ta jan ƙafa. Ana cikin haka Gwaggo Talato ta rasu, a damina ta huɗu. Na yi tsammanin zai haƙura. Sai ma ya daina magana a kan komai in ba wannan ba, har abokai suka fara sauya hanya in sun hango shi. Ni ma na gaji da shi, ba zan ɓoye ba.

Da ya samu tafiya, furfura ta riga ta fito masa. Shi ya ba ni labarin abin da ya faru. Suka zauna da wani dattijon Bature gaban injin daidaita launi. Baturen ya tambaye shi da me za a gwada, tunda mai fuskar ba ta raye. Salfo ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗora damtsensa a gefen gilashin injin.

"Jininmu ɗaya. Ka rage haske har ta kamo ni."

"Za ta yi duhu, ba za a ga komai ba."

"Rage dai."

Yana ragewa, hasken tagullar nan ya fara tasowa. Tsagar fuskarta ta fito, tamoji suka fito, da wani ja-ja da ke kwance ƙarƙashin baƙin. Dattijon ya cire tabarau, ya ce shekara talatin yana wannan aiki, ba wanda ya taɓa nuna masa.

Ranar da Salfo ya dawo, aka sake rataya ƙyalle da hantsi. Sibdu, 'yar Gwaggo ta fari, tana zaune a gaba da 'ya'yanta. Fuskar na bayyana, ta miƙe ta fita da sauri. Na ɗauka abin ne ya fi ƙarfinta, na ce wa Salfo ya tsayar da injin, ya girgiza kai.

Sai ga ta ta dawo da ƙwaryar ruwan garin gero, irin wanda muke tarar baƙo da shi. Ta durƙusa gaban ƙyallen, ta miƙa da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Inna," in ji ta. "Kin daɗe a hanya."