Malam Kusurwa Ya Ajiye Zarto, Ba Wanda Ya Tafa Masa

Kafin ƙarfe bakwai na safe ya riga ya buɗe ɗakin aikinsa da ke bayan asibiti, can tsakanin wurin wanki da gidan janareta. Ba ya kunna injin yankan kusurwa sai ya share garin katakon da ya kwana a kai, ya ɗora sukwaya, ma'aunin kusurwa, a jikin zarton, ya kanne ido ɗaya ya duba ko haske na ratsawa. Daga nan sai ya yanka guntaye huɗu, ya haɗa su, ya ɗaga saitin taga. In bakin ya rufe ruf, ya yi bisimilla ya shiga aiki. Shekara talatin da ɗaya ke nan haka, har ma'aikata suka manta sunansa na yanka, kowa sai Malam Kusurwa.

Benci da ƙofa duk yana yi, amma abin da ya fi ba wa muhimmanci shi ne firam ɗin ragar sauro na tagogin marasa lafiya.

Bara aka kawo sabon manaja, mai son a gan shi. Ya sa a sake ragar tagogi arba'in na ɗakin yara cikin kwana uku, don manyan baƙi na tafe. A cikin makon kuwa leburori sun kayar da injin garin matsar da shi.

"Ranka ya daɗe, injin nan ya goce," in ji Malam. "Allurarsa tana nuna digiri arba'in da biyar, amma ƙarya take yi. A ba ni yini guda in saita shi, a kuma canja zarton, haƙoransa sun dakushe."

"Gocewar nawa?"

"Rabin digiri."

Manaja ya kwashe da dariya. "Rabin digiri! Malam, taga za ka yi ko agogo?"

"Yanka takwas ne a firam ɗaya. Rabi sau takwas, huɗu ke nan. Bakin ba zai haɗu ba."

"A cike da gam da garin katako, a shafe da fenti. Wa zai gani?"

"Sauro zai gani, ranka ya daɗe."

Wannan amsar ce laifinsa. A gaban masu shara aka miƙa wa dattijo mai furfura takardar gargaɗi, wai taurin kai da nawa. Aka ba ɗan kwangila aikin, ya zabga yanka kamar mai faskare, ya lulluɓe da fenti. Baƙi suka zo suka yaba, aka ɗauki hoto.

Ranar da aka ba shi takardar, Malam ko abinci bai iya ci ba. Matarsa ta ce, "Baban yara, 'yan watanni suka rage maka ka huta. Da ka yi musu yadda suke so mana."

"In jikarki ce aka kwantar a gindin tagar fa?"

Ta janye kwanon.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Damina ta sauka, katako ya sha ruwa ya bushe, kusurwoyi suka wage baki har yatsa na shiga. Shugabar masu jinya ta same shi a ɗakin aiki, ranta a ɓace. "Malam, yaro ya zo da karaya ya koma gida da zazzaɓi. Ka taimake mu."

Bai ce mata ai na faɗa ba. Fensir ya ɗauka ya maƙale a kunne, ya fara da saita injin. Ita da kanta ta shaida yadda ya yi: taga biyu kullum, ba ƙari. Ya kafa ɗan katako a matsayin birki don gefe da gefe su zo tsawo ɗaya. Ya danne katakon kam, ya bari zarto ya gama ɗaukar gudu kafin ya sauke shi a hankali a bayan layin fensir, ba ya ɗagawa sai ya tsaya cak. Kwana ashirin ya gama arba'in ɗin, babu wadda allura za ta ratsa.

Makon jiya ya yi ritaya. A makon ne kuma aka yi taron karrama manaja da takardar yabo, wai shi ya gyara ɗakin yara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi! Ba a ambaci Malam ba, ko kujera ba a ajiye masa ba. Abin da ya fi ƙona rai, shi aka sa ya yi firam ɗin da za a saka takardar yabon, shi ne ma aikinsa na ƙarshe.

'Yarsa ta fari ta zo taya shi kwashe kaya, ta ga firam ɗin a kan tebur, sumul. Idonta ya kawo ruwa. "Haba Baba! Wallahi da ni ce sai na karkata shi."

Ya shafa kusurwar da babban yatsa. "To, katakon me ya yi mini?"

Kai ne wannan, Malam. Kai ne aka ci wa fuska a bainar jama'a, ka ƙi ramawa a kan aiki. Kai ne garkuwar yaran da ba su san kana duniya ba. Waɗanda ya kamata su gode maka sun yi gum, kunyar kuwa tasu ce. Mu mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar cin hutunka.

Ku kuma masu sana'a, in an ce ku rufe ɓarna da fenti, ku ce a'a, ko da za a kira ku masu taurin kai. Masu manyan kujeru, ku riƙa leƙa bayan gini ku ga hannun da ke riƙe da ku. Malam yana nan da ransa, kunnensa ras. Kada ku jira sai an shimfiɗa tabarmar gaisuwa a ƙofar gidansa sannan ku tuna mutumin kirki ne.